Dan Allah wane ganye zai yi a bokiti? Gidan haya nake

Maman Biyu:
Slm 'yan uwa. Gidan haya nake a Kano, tsakar gidan duk siminti ne ba inda zan haƙa, ga shi ina son na'a-na'a a shayi, maigida kuma farfesu in ba ɗaɗɗoya ba ya masa daɗi, wanda nake saye wajen masu kayan miya kafin gobe ya yi yaushi. Ina da bokitan fenti da wata tsohuwar randa da ta tsage. Da me zan fara, kuma wace ƙasa ake zubawa?

Ɗan Lambu:
Wslm Hajiya. Ki fara da biyun nan da kika ambata, ba sai kin sayi iri ba. Ki zaɓi reshe mai lafiya cikin wanda kika sayo, ki tsinke ganyen ƙasan ki tsoma shi a kofin ruwa, sati ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi sun fito, sai ki dasa. Amma kafin komai ki huda gindin bokitin da ƙusa mai zafi, in ruwa ya kwanta saiwa ruɓewa take, mutum ya ga ganye ya yi rawaya ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa ya ƙarasa shi. Ƙasa kuma ki haɗa ta gona da ɗan yashi da kashin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake. Na'a-na'a ki ba ta bokitinta ita kaɗai, yaɗo take ta ƙarƙashi ta cinye wajen.

Anti Mai Girki:
Wlh randar nan ta fi bokitan, kar ki yar. Roba zafi take ɗauka, lokacin bazara wajen Afrilu in kin taɓa bokitin da azahar kamar an sauke shi daga murhu, gara na'a-na'a ta samu ranar safe kawai sai inuwa. Ɗaɗɗoya ita tana son rana, sai dai da ta fara fure ki tsinke kan, in ba haka ba ta daina ba ki ganye. Kuma dan Allah ban da ruwan wanke-wanke mai omo.

Maman Biyu:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. To fasili da citta fa, za su yi?

Ɗan Lambu:
Fasili ki bari sai sanyi ya shigo, Nuwamba haka, kuma irinsa yana kai sati 3 bai tsiro ba, kar ki zubar ki ce ya mutu. Citta za ta yi in ɗanya ce mai ido, sai dai wata 8 zuwa 10 take ɗauka kuma tana son mazubi mai faɗi. Ni da lawashi zan ce ki ƙara, gindin albasa kawai za ki binne ki riƙa yanka yana sake fitowa. In akwai kaji a gidan ki ɗora bokitan kan bulo ki zagaye su da raga.