Me ya sa na'urar GPS ba ta nuna LPV a yankinmu?

Ɗalibin Tuƙi:
Assalamu alaikum, malamai. A littattafan Amurka, na'urorin GPS na jirgi Garmin GNS 430W da GTN 650 suna sauko da jirgi a kan LPV, wato saukar GPS mai nuna layi da gangara, kusan kamar ILS, na'urar rediyo ta ƙasa mai jagorar sauka. Amma an ce a Kano ko Yamai LNAV kawai za su nuna, wato layi ba tare da gangara ba. Laifin na'ura ne? Kuma idan hazon hunturu ya rufe gari, me ya kamata mutum ya duba tun kafin ya shigar da tsarin tafiya?

Injiniyan Rediyo:
Wa'alaikumus salam. Na'urarka lafiyarta ƙalau. LPV ba ya samuwa da taurarin GPS kaɗai, sai da tashoshin ƙasa masu auna kuskuren sigina su tura gyara ta wani tauraron. Shi ne SBAS: WAAS a Amurka, EGNOS a Turai, GAGAN a Indiya. Hidimar LPV ta EGNOS ba ta iso Afirka ta Yamma ba. ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka da dama, wadda Nijar ke cikinta, ta fara watsa siginar gwaji ta tauraron NigComSat-1R a 2020, amma siginar gwaji ba izinin sauka ba ce. In babu layin LPV a taswirar filin, magana ta ƙare.

Tunda babu SBAS, RAIM, wato binciken da na'urar ke yi da kanta kan gaskiyar siginar taurari, shi ne mai gadinka. Taurari biyar yake buƙata ya gane akwai mai ba da ƙarya, shida ya fitar da shi a ci gaba da tafiya. Yi hasashensa na lokacin isa, na'urar tana duba minti 15 kafin da minti 15 bayan. Idan giɓin da babu RAIM ya haura minti 5, sauya lokaci ko ka shirya sauka da ILS ko VOR, tashar rediyo ta ƙasa mai nuna alƙibla. Sai dai hasashen lissafin zaman taurari ne kawai, bai san halin sararin sama ba. Muna kusa da ikwaitar maganaɗisu, bayan magariba sigina kan yi rawa har na'ura ta saki tauraro ɗaya ko biyu, hasashe kuwa ya ce komai daidai. Shi ya sa filin ko-ta-kwana ya kamata ya zama mai na'urar ƙasa da ke aiki.

Kyaftin Mai Ritaya:
Injiniya ya gama da sama, bari in taɓa cikin jirgi. Ɗana, rumbun bayanan hanyoyi da filaye na na'urar kwana 28 yake yi, duba ranar ƙarewarsa a allon farko idan ka kunna. Hanyar sauka kuwa daga rumbun ake ɗaukarta da sunanta. Kada ka kuskura ka rubuta wuraren da hannu, domin na'urar ba za ta san sauka ake yi ba, kuma ba za ta matse ma'aunin allurar da ke nuna kaucewa daga layi ba.

Matsewar nan ita ce zuciyar abin. A 430W, cikar allura mil 2 ce a hanya, ta koma mil 1 idan ka shigo cikin mil 30 na filin, ta kai 0.3 a FAF, wurin da ake fara gangarar ƙarshe. Kafin FAF dole ka ga kalmar LNAV ta bayyana. In har TERM, alamar kusantar fili kawai, ce ke nan zaune, ba ka cikin yanayin sauka, kada ka bar tsayinka, ka tashi ka sake shiri. Duba kuma allura GPS take bi ba VLOC ba, wato siginar VOR ko ILS. Maɓallin CDI ɗaya ne ya raba su, kuma ya sha ruɗa ƙwararru.

Idan hasumiya ta ce za ta jagorance ka, kada ka yi gaggawar zaɓar jagoranci zuwa layin ƙarshe, yana iya share wuraren da ke kafin FAF. Ɗauki cikakkiyar hanya daga IAF, wurin farko na hanyar sauka, saboda ana iya cewa nufi IF, wurin da ke tsakanin IAF da FAF, kai tsaye, ka tarar babu shi. A MAP, wurin fasa sauka in ba a ga titi ba, na'urar za ta daina wucewa zuwa wuri na gaba ta nuna SUSP. Fara ba da wuta, ka hau, ka bi abin da taswira ta ce, sannan ka danna maɓallin OBS don ta ci gaba. Wanda ya danna da wuri, allura na iya kiransa ya juya tun bai kai tsayin juyawa ba.

Mai Tsara Tafiya:
Ranka ya daɗe Kyaftin, a ƙara da takarda. A gida na 10 na takardar tsarin tafiya ana sa haruffan G da R, a gida na 18 PBN/S1 idan jirgi da matuƙi suna da amincewar RNP APCH, wato izinin sauka da GPS. S2 na masu Baro-VNAV ne, kada a ara don ado.

Shi Baro-VNAV ɗin gangararsa daga altimita take, agogon tsayi mai aiki da matsin iska, ba daga tauraro ba. Kuskuren hektofaskal ɗaya a QNH, wato matsin iskar da ake saita altimita da shi, kusan ƙafa 28 ne. A watan Mayu na 2022 an ba wani jirgin A320 QNH 1011 maimakon 1001 a filin Charles de Gaulle na Faris, ya sauko kimanin ƙafa 280 ƙasa da hanya, allura na tsakiya abinta, saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa cikin ruwan sama. Gwada QNH ɗin da aka faɗa maka da na rahoton yanayi na METAR da na sanarwar rediyon fili ta ATIS. Zafi ma yana shiga: a Kano ranar da aka kai digiri 40, gangarar digiri 3 tana komawa wajen 3.3, fitilun PAPI na gefen titi masu nuna gangara su nuna kana sama. Iyakar zafi da sanyi tana rubuce a taswira.

Ɗalibin Tuƙi:
Allah ya saka da alheri. To a LNAV, idan na kai MDA, mafi ƙarancin tsayin da aka yarda a sauko, ban ga titi ba saboda ƙura, zan iya ɗan nutsawa ƙasa da shi kamar yadda ake yi a DA, tsayin yanke shawara na ILS ko LPV, yayin fasa sauka?

Kyaftin Mai Ritaya:
A'a, MDA bene ne, ko ƙafa ɗaya ba a ratsa shi sai an ga titi ko fitilunsa. Masu gangarowa ba tsayawa sukan ƙara ƙafa 50 a kansa su fara hawa daga nan. In ka fara hawa da wuri, ci gaba da bin layin har MAP kafin ka juya.