Muhawara: Mutum-mutumin silikon ko na TPE, wanne ke jure hannun ɗalibai da zafin ƙasarmu?

Daga zauren malaman makarantun kiwon lafiya da masu kula da kayan koyarwa, Yamai da Tawa.

Malam Mai Ɗakin Gwaji (Yamai): Assalamu alaikum jama'a. Lokacin sabunta mutum-mutumin da ɗalibai ke koyon jinya da karɓar haihuwa a kansu ya zo, kuma ni na tsaya a kan magana ɗaya: a daina sayen na robar TPE, a sayi na silikon ko da ya fi tsada. TPE roba ce da aka cika da mai don ta yi laushi. Idan zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, ga wuta tana ɗaukewa, sai ka ga jikin yana tsattsafo da mai, yana danƙo, ƙura ta manne masa. Silikon kuwa yana jure zafin da ya kai digiri 200. Wanda ya sayi silikon ya huta.

Hajiya Ungozoma (Tawa): Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda da "ya huta" ɗin nan ba. Namu na koyon haihuwa silikon ne, haka aka rubuta a kwalinsa. Yanzu ya tsage daidai inda kan jariri ke fitowa, tsagar tana ƙaruwa kullum, kuma gefenta na marmashewa in ka murza da yatsa. Mun sa gam mai kama ƙarfe da katako, washegari ya ɓare kamar ba a sa ba.

Mai Gyara na Kasuwar Katako (Yamai): Hajiya, wannan marmashin shi ne ya ba da amsa. Silikon ba iri ɗaya ba ne, nan ne maganar Malam ta yi rauni. Akwai wanda ake daskarar da shi da sinadarin kuza, akwai na filatinam. Na kuza ya fi araha. Yayin da yake daskarewa yana fitar da alkol, yana ɗan tsukewa, kuma bayan ƴan shekaru ƙarfinsa na tafiya, ya fara yagewa ko ba a taɓa shi ba. Asalinsa na masu yin mazubi ne, ba na abin da hannu ɗari zai ja kowane mako ba. Na filatinam ba ya fitar da komai, kusan ba ya tsukewa, yana daɗewa da laushinsa. Dukansu biyu mai sayarwa zai ce maka silikon ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Malam Mai Ɗakin Gwaji: To ai ka ƙarfafa maganata ne, Maigida. A sayi na filatinam, shi ke nan.

Mai Gyara na Katako: Da sauƙi haka da ban yi magana ba. Ko na filatinam, idan an yi shi da laushi sosai don ya yi kama da fatar mutum, da zarar farce ko almakashi ya yi masa ƙaramin yanka, daga nan yagewa ke bi. Kuma silikon ba ya narkewa. In ya daskare ya daskare, ba abin da ke kama shi sai silikon ɗan'uwansa. TPE kuwa na ɗora masa bakin cokali mai zafi, leɓen tsagar biyu su narke su haɗe, in shafe wurin, ɗalibai su ci gaba da darasi ran nan. Wanne ya fi daɗewa ke nan: wanda ke saurin ciwo amma ana yi masa magani a Yamai, ko wanda ke jimrewa amma ran da ya faɗi sai an jira kaya daga Turai?

Ƙaramar Malama (Yamai): Baba, a yi mini haƙuri in sa baki. Ta yaya ma za mu gane wanda muke da shi? Namu kyauta aka kawo su, ba takarda.

Mai Gyara na Katako: Ƴata, yanko ɗan ƙanƙani daga wurin da ba a gani, kamar cikin wuya ko inda hannu ke shiga kafaɗa. Ki ɗora masa ƙusa mai zafi. In ya narke ya yi zare, ba silikon ba ne, TPE ne ko wata robar da ake kira PVC. In ya ƙi narkewa, kika sa masa wuta ya bar farar toka, silikon ne.

Likita Ɗan Adar (Tawa): Ina so in tuna muku abu ɗaya. Mutum-mutumin koyon farfaɗo da numfashi da duniya ta fi sani, Resusci Anne, ya fito ne a 1960 daga hannun Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Stavanger ta ƙasar Norwe. Dabarar da irin waɗannan ke daɗewa da ita ba ƙarfin fata ba ne kawai. Fuska ana cirewa, huhu ana sauyawa, fatar hannun da ake koyon allura a kansa da jijiyoyin cikinta duk ana sayensu daban. Hannun da ake soka wa allura safe da yamma ba robar da za ta cece shi. Don haka ni ba na goyon bayan ku biyun. Tambayar da zan yi wa mai sayarwa ita ce, wane sashe ke cirewa, kuma nawa ne na canji?

Malam Mai Ɗakin Gwaji: Likita, na ji wannan. Amma ku dubi tsabta. TPE yana shan datti, in an goge shi da alkol sai ya bushe ya tsattsage, baƙin zane ma in ya kwana a jikinsa sai ya bar rini. Silikon ina goge shi da alkol hankalina kwance. Abin da ɗalibai da yawa ke taɓawa, wani ma da baki, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne a wurina.

Hajiya Ungozoma: A nan kam ina tare da kai. Sai dai ni matsalata tana kan tebur, jarrabawar gwaji na matsowa. Maigida, wannan tsagar tana gyaruwa ko mu haƙura?

Mai Gyara na Katako: In marmashin bai bi jikin duka ba, tana gyaruwa, Hajiya. Ku wanke da sabulu, ku goge da alkol, ya bushe sarai, don hoda da mai su ne ke hana kamawa. Akwai gam na musamman, Sil-Poxy na kamfanin Smooth-On. In babu, silikon ɗin masu sa gilashi, fari mai gani-har-hanji, mai warin binegar, yana kamawa. Kada ku shafa ta waje kawai. Ku juya fatar, ku shafa ta ciki, ku ɗora ɗan yadin raga na teloli ya wuce ƙarshen tsagar, ku ƙara shafawa a kai. Ragar ce ke hana yagewa ci gaba. Wannan silikon da danshin iska yake daskarewa, saboda haka a busasshiyar iskar Tawa, musamman da hunturu, yana jinkiri. Ku ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa da shi, ku ba shi kwana biyu kafin a ja.

Abu biyu kuma. In wata rana kun samu silikon na filatinam mai kashi biyu da ake gaurayawa, kada ku taɓa shi da safar hannu ta latas, wato robar ƙaron itace, kada kuma ku zuba shi kan wurin da aka riga aka sa na masu gilashi. Farar wutar da ke cikin latas da kuzar da ke cikin na masu gilashin suna hana shi daskarewa, sai ya zauna da danƙo. Sannan me kuke shafawa don jaririn ya sulɓo?

Hajiya Ungozoma: Wani man silikon ne na feshi, da namu ya ƙare muka samo a kasuwa.

Mai Gyara na Katako: Ku tsayar da shi yau. Man silikon yana shiga jikin silikon, ya kumbura shi, ya rage masa ƙarfi. Ku koma ga mai santsi na ruwa irin na asibiti, ku wanke bayan kowane darasi.

Malam Mai Ɗakin Gwaji: Ni dai har yanzu ba zan sa hannu a kan TPE ba. Amma a takardar oda zan rubuta filatinam ƙarara, da fatar canji biyu, da gam ɗinsa a cikin kwali ɗaya.

Likita Ɗan Adar: Ka ƙara da jijiyoyin canji na hannun allura, Malam. Galibinsu latas ne, su ne zafi ke fara cinyewa tun suna cikin kabad.

Hajiya Ungozoma: Maigida, zan turo maka hoton tsagar ta ciki bayan la'asar, ka duba kafin mu sa ragar.