Wane katin girafik zai dace da tsohon firosesa i5-3470?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar tebur ce Dell OptiPlex 7010, mai babban akwati, firosesa i5-3470, RAM giga 8, allo 1080p. Ina so in saka mata katin girafik don GTA V da eFootball da ɗan haɗa bidiyon biki. An ba ni shawarar RTX 3060 na hannu. Firosesan zai iya da shi, ko asarar kuɗi ce?

Mai Gyara:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar firosesa tukuna, buɗe murfin ka karanta takardar da ke jikin akwatin wuta. Na wannan injin wat 275 ne, kuma ba shi da wayar nan mai baki 6 ko 8 da manyan katuna ke buƙata. RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170. Gurbin PCIe na madabod, wato inda ake soka katin a babban allon kwamfutar, iyakarsa wat 75, sauran dole ta waya zai zo. Ka ga tun nan ya fita lissafi.

Katunan da gurbin kaɗai ke ciyar da su: GTX 1050 Ti, GTX 1650 da RTX 3050 mai giga 6. Ni 1650 zan ce ka ɗauka. Amma ka juya shi ka duba gefensa kafin ka biya, don wasu samfuran 1650 suna da ramin waya mai baki 6, irinsu ba za su tashi a injinka ba. Shi 1050 Ti ya tsufa, Nvidia, kamfanin da ya ƙera shi, ta daina fitar masa da manhajar direba ta sababbin wasanni tun ƙarshen 2025.

Kada wani ya sayar maka da 'yar wayar da ke mayar da bakin SATA, wanda ke ba had-dis wuta, ya zama baki 6. Bakin SATA wat 54 yake ɗauka a layin bolt 12. In kati ya ja fiye da haka robar narkewa take, ka ji ƙauri, wani lokaci har madabod ta tafi.

Injiniya:
Malam Mai Gyara ya gama maganar wuta. Shi firosesan na 2012 ne, ƙwaya 4 kuma layin aiki 4. A 1080p, shi ke shirya wa katin kowane hoto, katin ya zana. In katin ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, zama zai yi yana jira, kuɗin da ka ƙara kuma ba za ka gan su a allo ba. Da 1650 kusan kunnen doki suke a wasannin da ka ambata.

Bayan ka saka, sauke MSI Afterburner ka kunna lambobin da yake nunawa a kusurwar allo. Kati yana aiki 95 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarfinsa, lafiya lau. Kati yana 60, ƙwayoyin firosesa duk sun cika, wasa yana tsayawa yana ci gaba a tsakiyar gari inda motoci suka yi yawa, to firosesa ne ya gaza. A nan rage kyawun hoto ba ya magani, sai dai ka rage yawan mutane da motoci da nisan hange a saitin wasan.

Duba RAM ɗin ma. In sanda ɗaya ce mai giga 8, nemo ta biyu irinta, DDR3 1600, su yi aiki hanya biyu. Wannan yana rage tsaitsayawar sosai. In ka samu firosesa i7-3770 da araha, gurbinsu ɗaya, LGA1155, yana ba ka layin aiki 8, haɗa bidiyo zai ji bambanci. Sai dai duka firosesan biyu ba su da AVX2, wani rukunin umarnin lissafi da ya zo da zubin firosesan Intel na 2013, kuma wasu sababbin wasanni ko buɗewa ba sa yi babu shi, kowane kati ka saka.

Ka guji RX 6400 duk da ƙarancin wutarsa: layi 4 kawai na gurbin PCIe yake amfani da su, a PCIe 3.0 irin naka yana rasa ƙarfi, kuma ba shi da sashen matse bidiyo. Katin Intel Arc ma a'a, yana son Resizable BAR, saitin da ke barin firosesa ya kai ga duk ma'ajiyar katin kai tsaye, tsohuwar madabod ba ta da shi.

Na Kasuwa:
Ni ban yarda a rufe ƙofa a kan 1650 ba. 7010 mai babban akwati bakin wutar madabod ɗinta na gama-gari ne, mai 24, don haka za a iya canza akwatin wuta da mai kyau na wat 500 a saka RX 580 mai giga 8, wanda ya fi 1650 ƙarfi. Sharaɗi: auna tsawon wurin da ma'auni, kejin had-dis, ma'ajiyar fayiloli, yana tare dogon kati. Kuma wat 185 yake ci, zafin Afrilu da Mayu a Maradi kun san shi, ga akwatin fanka ɗaya ce a baya.

Ko wanne za ka saya, a gwada shi a gabanka. Buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, don akwai tsofaffin GTS 450 da aka canza wa suna suka koma 1050 Ti. In ka ga ramin VGA mai launin shuɗi a jikinsa, ajiye musu abinsu.

Mai Gyara:
Gaskiyarka Alhaji, amma haɗa kuɗin akwatin wuta da na katin, ka ƙara wutar da zai sha kullum, a kan injin da Windows 11 ba ta karɓar firosesansa. Ɗan Zariya, in ka saka katin, mayar da wayar allo jikinsa, kada ka bar ta a madabod. Lokacin hunturu kuma a riƙa hure ƙura duk wata, kana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta.