Tambaya kan yadda aka haɗa waƙar Billie Jean da yadda aka sake ta

Ɗalibin Sitidiyo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni matashi ne da ke koyon aikin haɗa sauti a wani ƙaramin sitidiyo a Kano, kuma maigidana yakan sa mu saurari tsofaffin waƙoƙin ƙasashen waje domin kunnenmu ya saba da tsaftataccen aiki. Jiya ya kunna mana Billie Jean ta Maikal Jakson, ya ce mu lura da yadda ganga da bes, wato jita mai kaurin murya, suke fita kowanne a gurbinsa ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, sannan ya ce sai da aka haɗa sautinta sau 91 kafin a sake ta. Ina roƙon waɗanda suka san tarihin su tabbatar mini da wannan magana. Haka kuma ban fahimci dalilin da ya sa aka fitar da ita ita kaɗai a Janairun 1983 ba, alhali albam ɗin Thriller da ke ɗauke da ita ya riga ya shiga kasuwa tun ranar 30 ga Nuwamban 1982.

Baba Mai Garmaho ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan ɗauki tambayarka ta biyu, domin a zamanin faifai muka tashi. Babban faifai shi ne albam, kuma Thriller waƙoƙi 9 ne a cikinsa. Akwai kuma ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, wanda ke juyawa sau 45 a minti, waƙa ɗaya a fuska, wata a baya. A wancan zamani shi ne mai araha, shi ake kai wa gidajen rediyo, kuma da cinikinsa da yawan sanya shi a rediyo ake auna matsayin waƙa a jadawalin mujallar Billboard. Saboda haka kamfani ba ya zubar da kayansa gaba ɗaya, sai ya riƙa cirar waƙa ɗaya bayan ɗaya daga albam yana tura ta, kowacce ta sake jawo hankalin masu saye zuwa ga babban faifan. Wadda aka fara fitarwa ita ce The Girl Is Mine, wadda Maikal ya yi tare da mawaƙi Paul McCartney, a Oktoban 1982, tun albam bai fito ba. Billie Jean ce ta biyu, kuma ita ce ta yi makonni 7 a matsayi na ɗaya a Amurka, ta kuma hau na ɗaya a Ingila. A ƙarshe waƙoƙi 7 aka cira daga albam ɗin, dukkansu suka shiga goman farko.

Injiniyan Sauti ya amsa:

Ɗan'uwa, maigidanka bai faɗi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maka labarin ba, kuma ƙarshen ne ya fi amfani ga mai sana'armu. Injiniyan da ya yi aikin shi ne Bruce Swedien, a sitidiyon Westlake da ke Los Anjelis, kuma shi da kansa ya sha bayar da labarin cewa bayan sun kai haɗi na 91, furodusa Quincy Jones ya nemi a koma a saurari na biyu, aka saurara, aka ga duk ya fi sauran, kuma shi ne wanda duniya take ji har yau. Duk wanda ya taɓa kwana a gaban na'ura ya san wannan ciwon: kunne yana gajiya, kana ƙara wannan kana rage wancan, har waƙar ta rasa ran da ta zo da shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tsaftar da ka ji ba a wurin haɗawa aka samo ta ba, tun a wurin ɗauka aka gina ta. Swedien ya sa an ƙera wa gangunan dandamali na katako, an yi wa babbar gangar ƙafa riga ta musamman, an kuma sanya wani allo tsakanin ƙaramar ganga da farantan ƙarfe da ake bugawa tare da ita domin ƙarar ɗaya kada ta shiga makirufon ɗaya. Ndugu Chancler ne ya buga gangar, Louis Johnson ya kaɗa bes. Wasu daga cikin muryoyin da ake ji kamar daga nesa kuwa, ta cikin dogon bututun kwali Maikal ya rera su. A ganina wannan ya fi kowace manhaja da muke taƙama da ita a yau, domin mutanen sun san sautin da suke nema tun kafin a danna maɓallin ɗauka.

Akwai kuma gardamar shimfiɗa. Kiɗan yana tafiya kusan daƙiƙa 29 kafin murya ta shigo, Quincy ya so a rage, Maikal ya dage cewa wannan wurin ne yake motsa shi ya yi rawa, aka bar masa.

Malama Mai Nazarin Waƙa ta amsa:

Na gamsu da bayanin Baba da na Injiniya, amma ba a rediyo kaɗai waƙar ta yi ƙarfi ba. Tashar talabijin ta MTV, wadda aka buɗe a 1981, ba ta cika nuna mawaƙa baƙar fata ba a farkonta, kuma bidiyon wannan waƙa, wanda Steve Barron ya ba da umarni, inda daɓen ƙasa ke kawo haske duk inda Maikal ya taka, yana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa a Maris ɗin 1983. Sai kuma bikin cikar kamfanin waƙa na Motown shekara 25, wanda aka nuna a talabijin ranar 16 ga Mayun 1983, inda ya yi takun nan na zamewa da baya yana rera ta. Bayan wannan dare ne cinikin Thriller ya ƙara tashi.

Ɗalibin Sitidiyo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Injiniya da Malama, Allah ya ƙara sani. Akwai wata waƙa da nake ta fama da ita tun makon jiya, na kai haɗi na 14 ban gamsu ba. Gobe da safe, kafin in taɓa komai, zan buɗe na farko da na biyu in saurara tare da maigidana.