Waɗanda aka taɓa jona wa ɗan'uwa na'urar numfashi, ku zo ku ba mu labari

Autan Baba: Assalamu alaikum. Shekaranjiya aka kai Babanmu ɗakin kulawa ta musamman, aka jona masa injin numfashi. Jiya ina tsaye a kansa sai injin ya hau ƙara, jar fitila tana ƙyaftawa, wallahi gwiwata ta yi sanyi. Mutanen gida kuma har sun fara cewa wanda aka sa wa inji sai dai addu'a. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa min gaskiya.

Tsohon Direba: Ƙanena kwantar da hankalinka, ni kwana tara na yi a kansa bayan haɗarin mota. Yawancin kwanakin ban san su ba, saboda maganin barci. Abin da na riƙe shi ne farkawa da tiyo a bakina, ina son in ce ƙishirwa nake ji, murya ta ƙi fita. Tiyon ta tsakanin igiyoyin murya yake bi ya sauka maƙogwaro. Da biro da takarda muka riƙa magana da matata. Kafin su zare sai da suka riƙa rage wa injin aiki suna gwada ko zan iya ja da kaina.

Nas Mai Aikin Dare: Ƙarar nan da ta firgita ka, mu ita muke so. Tari, cizon tiyo ko taruwar majina duk suna sa matsin iska ya hau, sai injin ya yi kira mu zo mu zuƙe. In tiyo ya kwance matsin ya faɗi, nan ma sai ya yi kira. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ce oksijin, injin kuwa yana iya kaiwa har 100. Likita ne ke saita yawan iskar da sau nawa za ta shiga a minti, kuma ana barin ɗan matsi bayan fitar numfashi don kada huhu ya lotse. Injin ba ya kashe cuta, riƙe mutum yake yi har magani ya yi aiki. Kuma don Allah kada ku sauke kan gadon don tausayi, da gangan muke ɗaga shi, kariya ce daga ciwon huhu.

Yaya Babba: Mu ranar aka ɗauke wuta muna ciki. Na ƙwalla salati! Ashe da batir a jikin injin, bai ko tsaya ba har janareta ya tashi. Nas ɗin dai tuni ta ɗauko wata jakar roba da ake matsawa da hannu don hura wa marar lafiya iska, tana riƙe da ita a shirye.

Autan Baba: Allah ya saka. Sista, ashe ni ne na kusa yin ɓarna, jiya har na kai hannu zan kwantar masa da gadon.