“Kayan aro ba ya rufe katara”: har da kwancen wa ga ƙani?

Uwar Huɗu:
Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayinku a kan wata karin magana da aka jefe ni da ita, domin har yanzu ban yarda ta dace da wurin da aka yi ta ba. Yayar maigidana ta zo ganin jaririn da na haifa, sai ta tarar ina shanya kayan da wansa ya sa yana jinjiri, waɗanda na wanke na adana tun da suka yi masa kaɗan. Ta ɗaga riga ɗaya ta jujjuya ta, ta ce, “Ke dai ki sani, kayan aro ba ya rufe katara.” Na ce, “Yaya, ai ba aro ba ne, kayan ɗan'uwansa ne, kuma da kuɗin ubansu aka saya.” Ta ce duk abin da ba dominka aka yanka ba, aro ne. Magana ta yi tsawo har sai da maigidan ya shiga tsakani. Shin kwancen wa a jikin ƙani yana cikin abin da wannan magana take nufi?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam. A ganina yayar maigidanki ta ɗora maganar inda ba ta zauna ba. Abin da ya sa kayan aro ba ya rufe katara shi ne mai shi yana nan yana jira, don haka wanda ya ara ba ya iya rage tsawo, ba ya iya ƙara faɗi, kuma ko zama zai yi sai ya duba ƙasa tukuna. Kwance kuwa babu mai zuwa karɓarsa, domin yaro ɗan shekara 3 ba zai dawo ya ce a ba shi rigar da ya sa yana ɗan wata 2 ba. Da ni ne, da na amsa mata da cewa ajiya maganin wata rana.

Autan Gida:
Malam, daga jin maganarka na san kai ɗan fari ne. Mu shida ne a ɗakinmu kuma ni ne na ƙarshe, saboda haka ina magana ne a kan abin da na sa a jikina. Gaskiya ne babu mai zuwa karɓa, amma mai shi yana nan a bakin mutane. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce, “Wannan ba rigar wane ba ce?” shi kuma wanen, da zarar kun yi faɗa, sai ya ce ka tuɓe masa rigarsa, alhali ko hannunsa ba zai shiga cikinta ba. In wannan ba aro ba ne, ban san sunansa ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ya kamata a raba jariri da yaron da ya yi wayo. Jariri yakan ninka nauyinsa na haihuwa wajen wata 5, ya ninka shi sau 3 zuwa cikar shekara, tsawonsa kuma ya tashi daga kusan santimita 50 zuwa kusan 75. Wannan ya sa rigar watannin farko take yi masa kaɗan tun ba ta koɗe ba, wata ma sau biyu ko uku kawai aka sa masa. Zubar da irin wannan asara ce, kuma jinjiri bai san ko ta wa ce ba. Ƙorafin Auta yana farawa ne bayan shekara 3, lokacin da girma ya ragu zuwa santimita 5 zuwa 7 a shekara, yaro yana daɗewa a cikin riga ɗaya yana goge gwiwa a ƙasa, sai ta iso ga ƙani a gajiye.

Roƙona ga mai tambaya shi ne kada ta zuba ƙwayoyin kafur a cikin kayan jarirai don korar asu. Da yawansu da wani sinadari mai suna naftalin ake yin su, kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin G6PD, wato sinadarin jiki mai kare waɗannan ƙwayoyin jini, ya jawo masa shawara mai tsanani. A wanke kaya, a bar su su bushe sarai, a rufe su inda danshi ba ya kaiwa, wannan ya wadatar.

Tsohon Tela:
Ni da nake karɓar irin waɗannan kaya don gyara, ina tabbatar muku cewa wani kwancen da gaske ba ya rufe katara, ba da karin magana ba. Robar ƙugu tana mutuwa a ajiye ko ba a sa wandon ba, tabon nono da ba a gani lokacin ninkewa yakan fito rawaya bayan shekara, kuma yaron da aka haifa da sanyi ba zai amfana da kayan wanda aka haifa da zafi ba sai an yi sa'a. A duba maɓallai kafin a sa wa yaro, domin wanda zarensa ya saki, bakin yaron zai tafi. Amma yadin auduga mai kyau da aka bar wa kalmasa mai faɗi yana iya ɗaukar yara uku ba tare da ya nuna gajiya ba.

Jikar Inna:
Baba Tela, ka tuna min da kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta. Tana da wata adaka da ba mai buɗewa sai ita, a ciki take jera kayan yara, na ƙanana a ƙasa, na manya a sama. Akwai wata shuɗiyar riga da ta ɗinka da hannunta wa ɗanta na fari, ta yi mata kalmasa ninki uku, duk lokacin da yaro ya ƙara tsawo sai ta warware ninki ɗaya, in rigar ta koma ga ƙani kuma ta sake naɗewa. Da yake rana ba ta taɓa abin da ke cikin ninkin ba, ƙasan rigar ya zama layi-layi, wani shuɗi mai duhu, wani mai haske. Mahaifiyata ta ce ita ce ta huɗu da ta sa ta, kuma tana alfahari da layukan nan, domin a ganinta ado ne aka yi.

Da rigar ta iso ga kawuna, wanda shi ne auta, sai ya ƙi ta. Aka lallashe shi, aka tsorata shi, duk a banza, har wata rana ya sami almakashi ya yanke mata hannu ɗaya. Inna ba ta doke shi ba kuma ba ta yi faɗa ba. Ta yanke ɗaya hannun don su daidaita, ta kalmashe bakin, ta sa masa ita washegari. Sai da ya yi wata guda a cikinta sannan ta ɗinka masa sabuwa, wadda ita ce ta farko da aka auna a jikinsa, ta ce masa ya kula da ita domin ɗan yayarsa zai sa in ta yi masa kaɗan. Ya fashe da kuka yana cewa tasa ce, ba mai sawa. Ta ce, “To, haka wanka ya ji ranar da na ba ka shuɗiyar.”

Abin da ya sa na kawo labarin shi ne ita ma Inna tana faɗin wannan karin magana, amma a wani wuri dabam. In maƙwabciya ta aiko a ara mata rigar yaro za su unguwa, sai ta buɗe adaka ta zaɓo, ta ce wa ɗan aiken, “Ka ce kada ta dawo da ita, kayan aro ba ya rufe katara.” A wurinta maganin aro shi ne a bayar gaba ɗaya. Kawun nan nawa kuwa yau shi ne ba ya yarda a zubar da ko safar yaro a gidansa, matarsa har ƙararsa take kawowa.

Autan Gida:
Ki gaishe min da kawunki, shi ne gwarzon wannan labari. Ni almakashin ne ban samu ba.

Mai Zolaya:
Ni dai ina ganin da Inna tana raye da wasu manyanmu sun ɗauke ta aiki, domin su ma adaka gare su. Alƙawarin da aka yi mana a zaɓen da ya wuce shi ake ninkewa a ajiye, in wani zaɓen ya zo a fito da shi a yi masa guga, a warware kalmasa ɗaya a ce sabo ne. Bambancinsu da Inna shi ne ita rigarta ana sawa a jiki, tasu kuwa a rataye muke hangenta har a mayar da ita.

Malamin Firamare:
Ka manta da waɗanda suke ajiye wa 'ya'yansu kujera tun yaran ba su kai ba, a ɗora su a kai ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Can ne ya kamata yayar maigida ta kai karin maganarta. Amma mu koma kan riga kafin a kore mu.

Ɗalibin Zaure:
Na taɓa jin wani malami ya taɓo wannan a wa'azi, kuma bai ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Ya kawo aya ta 31 a cikin Suratul A'araf, wadda ta yi umarni da yin ado kuma ta hana ɓarna a wuri guda, ya ce wanda ya zubar da riga mai kyau don kawai wani ya riga ya sa ta ya yi ɓarna. Sannan ya kawo hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Ya ce uban da kullum babba yake saya wa sabo, ƙarami kuma sai abin da ya sauko, ya binciki kansa. Ni abin da na ɗauka shi ne a ba ƙani kwance, amma ranar da aka shigo da sabo a shigo da na kowa.

Jikar Inna:
Wannan yana da sauƙin faɗa ga mai hali. Inna ba ta da abin sayen na kowa a rana ɗaya, kuma ban taɓa jin wani cikin 'ya'yanta ya ce ba ta yi adalci ba, in ban da mai almakashi.

Uwar Huɗu:
Na gode muku, musamman da maganar kafur, domin akwai shi a cikin akwatin kuma yanzu zan fitar. Sai dai har yanzu ban san abin da zan gaya wa Yaya ba, tunda Malam ya ce ba aro ba ne, Auta ya ce aro ne, Inna kuma tana faɗin maganar tana bayarwa.

Tsohon Tela:
Riga da wando duk da sauƙi. Takalmi ne ban yarda a sauke wa ƙani ba in ya daɗe a ƙafar wa, domin ya riga ya ci gefe ɗaya bisa ga takun mai shi na farko.

Autan Gida:
Baba Tela, ina kake lokacin da nake cusa tsumma a bakin takalmin yayana don kada ya fita? Kuma kafin a tashi, ina son wani ya gaya min yadda ake yi a gidan da ɗan fari namiji ne, na biyu mace, domin ƙanwar matata tana can tana rantsuwa cewa ta yi shekara biyu a cikin wandon wanta.