Rabon azumin da Baba ya bari da haƙƙin masu yi mana aiki: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, harkar ta dawo hannuna tunda ni ne babba. Tun tasowata, duk azumi yana fitar da buhu 150 na gero da masara a raba a ƙofar gida, ban da zakka. Bara na yi kamar yadda ya saba. Ina tsaye ina kallon layi sai na hango mutum uku cikin 'yan dakonmu, ɗaya har ya ja hula ya rufe fuska kada in gane shi. Buhun da suka sauke da kansu jiya, shi suke bin layi a auna musu tiya biyu a ciki. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Da na duba littattafan Baba sai na ga kuɗin dakon da muke biya bai motsa da kirki ba tun kafin a cire tallafin man fetur a 2023. Ga kuma bada kaka: muna ba manoma kuɗi da damina, su biya mu da hatsi da kaka a farashin da mu muka yanka, wani lokaci bai wuce rabin na kasuwa ba. Na lissafa, ribar da ke fitowa daga nan ta kusa kuɗin rabon gaba ɗaya.

Ina so in rage rabon, in ƙara wa ma'aikata, in gyara farashin manoma. Hajiya ta ce muddin tana raye ba za a rufe ƙofar da mijinta ya buɗe ba. Ƙannena kuma na cewa mutane za su ce mun karye. Me zan yi?

Malamin Islamiyya, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya saka maka da wannan zuciya. Ka raba abu uku da ka haɗa. Zakka farilla ce, kashi 2.5 cikin 100 na kayan kasuwancinka, kuma masu cin ta takwas ne kamar yadda ya zo a Suratut Tauba aya ta 60. Ba za ka cike gurbin ladan ma'aikaci da ita ba. Ladan aiki bashi ne a wuyanka, Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Rabon ƙofar gida kuwa nafila ce. Ba a gabatar da nafila a kan haƙƙi.

Maganar bada kaka tana son zama. Shari'a ta halatta cinikin salam, wato a biya kuɗi gaba ɗaya yanzu, a karɓi kaya daga baya da sanannen awo da sanannen lokaci. Amma idan rance aka bayar sannan aka ɗora ƙari, wannan riba ce, wato kuɗin ruwa da aka haramta. Ko da ya cika sharuɗɗan salam, cin gajiyar matsuwar manomi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, abin tsoro ne. Ka tuna hadisin muflisi da ke cikin Sahihu Muslim: mutum ya zo da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya zalunci wancan, a kwashe ladansa a biya su. Ka kai littattafan nan wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba su shafi shafi.

Tsohon ɗan dako:
Alhaji, ni na yi dako shekara tara kafin Allah ya ba ni keken da nake ja yanzu. Bari in faɗa maka abin da yaranka ba za su iya faɗa maka ba. Wanda ya rufe fuska ɗin nan kunyarka ya ji, kuma yana tsoron matarsa ta ji labari a unguwa. Namiji mai ƙarfinsa da ya wuni yana aiki ba ya son tiyar sadaka, yana son kuɗinsa su kai ya shiga kasuwa ya auno da kansa. Kuma ka sani, dako yana cin ƙugu da wuya. Ranar da ɗayansu ya kwanta ciwo, ba dako ba kuɗi. Idan za ka yi musu alheri na gaske, ka ware abin da za a riƙa kai su asibiti.

Uwar marayu, Kurna:
Ɗana, ni dai kada a rufe ƙofar nan. Ina da marayu huɗu, kuma irin wannan rabon ne yake kai mu ƙarshen azumi. Ni ba na yi wa kowa dako, ba na noma, ƙarin ladan ma'aikata ba zai iso tukunyata ba. Ka gyara abin da za ka gyara, amma ka tuna da mu. Kuma maganar mahaifiyarka ba abin wasa ba ce.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Baba mai marayu ta yi gaskiya, sai dai yadda ake rabon ne ya kamata a canza. A watan Disamba na 2024 yara 35 suka mutu a turmutsutsu a Ibadan, kwana kaɗan bayan haka aka sake rasa rayuka wurin rabon abinci a Okija ta jihar Anambra da kuma Maitama a Abuja. A Bauchi ma an rasa mata wurin rabon kuɗi a azumin shekarar 2024. Duk masu rabon alheri suka nufa. Ka sa limamin unguwa da mai unguwa da wasu dattijan mata su rubuto gidajen zawarawa da marayu da tsofaffi, a kai musu har gida bayan isha. Buhu 80 da aka kai inda ya dace zai fi 150 da ƙarfafa ke wawashewa.

Mai shagon taki, Maraɗi:
Mu ma nan bada kaka ta kashe gonaki da yawa, manomi ya noma ya ƙare da buhun banza. Amma kada ka daina ba su kuɗin kwatsam, za su koma hannun wanda ya fi ka tsanani. Ka ci gaba da bayarwa, ko taki da iri a farashin shago, da kaka kuma ka saya a farashin ranar, ka cire kuɗinka kawai. Za ka rasa wata riba, amma manoman ba za su kai hatsinsu wurin kowa ba sai kai.

Lauya, Kano:
Ƙarin bayani kaɗan. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, haka ma masu aikin da ake biya gwargwadon abin da suka yi, kamar dako. Ma'ana babu hukumar da za ta tilasta maka, kai da Allahnka ne. Abu na biyu: idan ba a raba gado ba, dukiyar ba taka ba ce kai kaɗai, ko rabon azumin ma sai da yardar magada. Ku zauna ku rubuta. Idan Hajiya na son sunan Alhaji ya ɗore, ku ware shago ɗaya ko gona ku yi wakafi, kamar yadda Sayyadina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar: ba a sayarwa, ba a gada, amfanin ne ake bayarwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na karanta wa Hajiya amsar Malam da ta Baba mai marayu. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta taɓa sanin 'yan dakonmu na shiga layin ba. Ta yarda a daina tara mutane a ƙofar gida, a riƙa kaiwa gidaje, amma ta ce kada a rage ko buhu ɗaya bana. Don haka ƙarin kuɗin dakon daga kasona zai fito tukuna, zan fara ranar Asabar. Ƙannena biyu ba su amince da maganar bada kaka ba har yanzu, mun sa ranar Juma'a bayan la'asar mu je wurin malami tare da littattafan. Yallaɓai lauya, zan biyo ka ta akwatin saƙo kan yadda ake rubuta takardar wakafi.